Rigar Yaro da Motar Gwangwani

Duk telan da ke Gwantu ya san gardamar da ke jiransa daga tsakiyar Nuwamba har jajiberin Kirsimeti, kuma ita ce dai ke dawowa idan azumi ya raba tsakiya. Uwa ta zo da yadi ɗaya da rabi, ta turo yaro ɗan shekara uku gaba, a gwada shi, a faɗa mata kuɗin ɗinki, sai ta riƙe baki.

"Haba Baba tela, wannan ɗan tsurut ɗin? Ai ko rabin ubansa bai kai ba."

"Mama, yadin ne bai kai rabi ba. Aikin kam ya fi na ubansa."

Ba cutarta yake son yi ba. Rigar yaro tana da wuya da hannu biyu da aljihu da maɓalli da kalmasa, duk abin da ta babba ke da shi, sai dai kowanne an matse shi a inda yatsun tela ba sa juyawa yadda suke so. Allurar keken ba ta sirancewa don yaro ne, zaren ma haka, furen atamfar nan da kamfani ya buga mai faɗin faifai yana nan yadda yake. Wanda ya gane abin da telan nan ke nufi ya gane wahalar ƙera ƙaramar mota da kuma daɗinta, ko ta yaran unguwa ce ta kara da gwangwani, ko ta manyan mutanen da ke zuba albashinsu a kanta a Japan da Ingila.

Lokacin ma ya zo ɗaya. A watan da teloli ke kwana a shago, a nan ne dawa ta gama shiga rumbu, kara ya bushe a gona, makaranta ta ba da hutu. Gwantu kuwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Sanga, a bakin babbar hanya take, wadda ta taso daga Akwanga ta nufi Jos, can gaba kuma akwai mararrabar da ake ratsewa zuwa Gidan Waya da Kafanchan. Don haka yaron garin, ɗan Numana ne ko ɗan Ninzo, Bahaushe ko Bafulatani, ba ya neman hoton mota a littafi. Tanka da tirela da tifa, da roka mai bodin katako wadda ta sha lodin doya har tana tafiya a karkace, duk ta gabansa suke wucewa. Wata ta tsaya direba ya ci abinci, yaron mota ya sa wa taya waigi, shi kuma ɗan kallo ya samu damar durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi.

Abin da ya gani shi zai je ya yi. Mai motar kara yana fere ɓawon da reza, ya tsaga shi siri-siri ya zama ƙusa, totuwar ta zama katako. Wanda gidansu ke kusa da fadamar da ake samun tukurwa ya fi morewa, domin cikin gwangwala ya fi totuwa tsawo, ba shi da gaɓa, kuma yana yankuwa fale-fale, sai ka ga bodin roka ya fito da layin katakonsa ɗaya bayan ɗaya. Mai langa-langa shi kuma bola ce kasuwarsa: gwangwanin madara, na tumatir, na Bournvita in an yi sa'a. A farke shi, a buge da dutse ya miƙe, a yanka da almakashin da aka sato daga ɗakin uwa, wanda daga ranar ba zai ƙara cin ƙyalle ba. Ba walda, ba gam. Bakin wannan a lanƙwasa shi cikin bakin wancan, inda ya ƙi a huda da ƙusa a ɗaure da waya. Taya daga tsohon silifa ake fitar da ita, a ɗora bakin gwangwani mai zafi a danna, ta fito a zagaye tas. A zura wayar tayar keke cikin bututun biro don tayar ta juya ba ta gogar jiki, sannan a kawo doguwar waya daga tayoyin gaba har ƙugun mai mota, a naɗe ƙarshenta ya zama sitiyari. Injin kuwa a bakinsa yake, har da canjin giya in an zo hawa.

A ƙasashen da abin ya zama kasuwa, ta kan jirgin ƙasa aka shigo masa, abin da ba zai ba mutumin Kafanchan mamaki ba, tunda garinsu ma layin dogo ne ya raya shi a shekarun 1920. Kamfanin Meccano na Liverpool, wanda Frank Hornby ya kafa, yana sayar da jiragen ƙasa na wasa, sai aka ga tasha ba mota a bakinta ba ta cika tasha ba. A 1934 aka sa wa ƙananan motocinsa na ƙarfen zubi suna Dinky Toys, kuma daga awon waɗancan jirage aka gaji ma'aunin 1:43, wato kowane santimita ɗaya a jikin ƙarama yana madadin 43 a jikin babba. Matchbox ta biyo baya a 1953. Labarin da ake bayarwa shi ne makarantar 'yar Jack Odell, ɗaya daga cikin masu kamfanin Lesney da ke yin Matchbox, ta ce ba a zuwa da abin wasan da ya fi ƙarfin kwalin ashana, shi kuwa uban ya ƙera mata motar daɓen titi da za ta shige ciki. Corgi ta zo a 1956 tana tinƙaho da cewa nata motocin suna da gilashi, Hot Wheels ta kamfanin Mattel na Amurka kuma a 1968.

Waɗannan duk kayan kanti ne, ka saya ka sa. Waɗanda abin ya zame wa jiki sun fi son mai zuwa a wargaje cikin kwali, irin na Tamiya da ke Shizuoka a Japan, ko Revell, ko AMT: sassan roba da kan haura ɗari, galibi a ma'aunin 1:24 ko 1:25. Mutum zai ciro kowane sashe, ya goge tabon da samfefa mai laushi, ya gwada shi a mazauninsa kafin ya sa gam, ya fesa fentin ƙasa, ya fesa na sama, ya bar shi kwanaki ya bushe, ya yi ta goge shi har ya ga fuskarsa a jikin ƙofa. Lamba da tambari a ruwa ake jiƙa su, su sulɓe daga takarda su kwanta a jikin motar. Wani ma ba ya tsayawa nan. Zai huda kan injin ya sa wayoyin fulogi, kowace a silindarta, ya yi bel ɗin kujera da ɗan ƙyalle, ya sa tiyon birki a bayan taya inda ba mai gani sai an kifar da motar. Watanni kan tafi a kan mota guda da ba za ta taɓa gusawa daga inda aka ajiye ta ba.

A nan ne nake ganin ba ma yi wa yaranmu adalci. Je ka tambayi kowane tela a kasuwar Kafanchan me ya fi wuya a sana'arsa, zai ce maka yanka. Yaron shago da guga da sa maɓalli yake farawa, ya koma kalmasa, ya hau keke ya haɗa abin da maigida ya yanka. Almakashi shi ne na ƙarshe da ake miƙa masa, domin ɗinkin da ya karkace ana warwarewa, yadin da aka yanka ba daidai ba kuwa sai dai a biya mai shi. Mai haɗa kwalin Tamiya an riga an yi masa yanka a Shizuoka, nasa haɗawa ne da kyautatawa, kuma ban raina wannan ba. Amma ɗan shekara goma da ya kalli tanka tana wucewa, ya riƙe siffarta a ka, ya zo ya fitar da ita daga gwangwanin da aka miƙar da dutse, ba takarda ba alli, shi da almakashi ya fara. Ko babbar masana'antar da muka riƙa ji da ita a jihar nan, ta Peugeot da ke Kakuri a Kaduna, wadda ta fara fitar da 504 a 1975, a yanke aka riƙa aiko mata da kayan daga Faransa cikin akwatuna, har ta jirgin sama ana saukewa a Kano, ita kuma ta haɗa.

Ita 504 ɗin ta isa misali, tunda da wuya a samu wanda ya girma a Arewa bai shige ta ba. Tsawonta mita 4.49 ne. A ma'aunin 1:24 ta dawo santimita 19 ba kaɗan, a 1:43 ta zama 10 da ɗoriya, a 1:64, wato girman Hot Wheels, santimita 7. Lissafin tsawo ba wuya, rabawa ce kawai. Rigimar tana cikin abubuwan da ba sa rabuwa. Ƙarfen jikin mota bai cika milimita ɗaya kauri ba. Raba shi gida 24, ka samu abin da gashin kai ya fi shi kauri, ba kuma robar da za a zuba haka ta tsaya. Ratar da ke tsakanin ƙofa da jiki, wadda ke wajen milimita 4, ta koma abin da farce ba ya shiga. Fenti kuwa, kaurin da ya dace da babbar mota in aka shafa wa ƙarama sai ya cike layin ƙofa, ya haɗiye hannun buɗewa, motar ta fito duk a kumbure. Mai ƙyalli ya fi muni, domin ƙwayoyin ƙyallin da ido ba ya rabewa a jikin babba, a jikin ƙarama kowace sai ta tsaya ita kaɗai tana haske. Furen atamfar nan ne a kan rigar jaririya. Ba ya raguwa, sai dai tela ya yi ta juya zanen har ya samu inda zai faɗo a tsakiyar ƙirji, ko kuwa ya ce wa uwar ta canjo mai ƙananan fure.

Akwai kuma nauyi, wanda shi ne ke tona asirin ƙaramar mota tun daga nesa. In ka rage tsawo da faɗi da tsayi kowanne sau 24, nauyi ba sau 24 yake raguwa ba, 24 ne sau 24 sau 24, wato 13,824. Motar da ta kai kilo 1,200 ta koma ƙasa da giram 90. Abu sakayau haka ba ya zama a kan tayoyinsa, tsalle yake, 'yar tsakuwa ta kifar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan shekara uku cikin babbar riga ta shadda mai sitaci ranar sallah ya san wannan. A jikin uban rigar tana zubowa, tana kwanciya a kafaɗa saboda nauyin kanta, a jikin ɗan kuwa ta tsaya ƙiƙam ta buɗe, yaron na yawo a cikinta. Telan da ya san aiki yakan ba uwa shawara ta sayo yadi mai laushi. Masu haɗa ta roba sukan ɗan goge ƙasan tayar ya baje, don ta nuna kamar nauyi ya danne ta, su kuma sauke jikin ya matso taya. Maganin yaran bakin titi ya fi burge ni. Sukan yanko siraran langa-langa uku ko huɗu, kowanne ya fi na ƙasansa tsawo, su jera su yi sifirin irin na roka, sannan su cika bodin da yashi. Da an ja ta sai ka ga tana rangaji, tana sunkuyawa a kwana. Ba wanda ya yi musu lissafi, sun dai lura motar ba ta tafiya irin ta gaske sai ta sha lodi.

Tunda ba komai ne zai shiga ba, dole a zaɓa, kuma a zaɓin ake gane gwani. Babbar riga mai aska takwas, aikinta ya mamaye ƙirji ya zagaya har baya. Ba yadda za a yi a kwashe shi duka a zuba a rigar da faɗinta bai wuce taƙi biyu ba. Mai aikin yakan riƙe zagayen wuya da babban aljihu da 'yan askar da suka samu wuri, ya bar sauran, amma duk wanda ya hango yaron zai ce ga Alhaji ƙarami. Kowace mota ma tana da abu biyu ko uku da in ka same su ka same ta. Na 504 fitilun gaba ne masu kusurwa, ba zagaye ba, ba kuma murabba'i ba, da but ɗin nan da ke tafiya a miƙe sai ya karye ya gangara, zanen da gidan Pininfarina na Italiya ya yi mata kafin fitowarta a 1968. Na roka, irin Mercedes 911 ɗin nan, gajeren hanci ne mai kumburi, da bakin gaba mai siffar ƙwai wanda fitilun ke zaune a cikinsa. In yaro ya samu hancin nan daidai, ko ƙofa bai yanka ba, kowa zai ce roka ce. Wani kuma zai sa madubi da lamba da tsani da fitila goma, a tsaya ana tambayarsa, "Kai ƙanena, wai wace mota ce wannan?"

Wani lokaci ma sai an karya awo da gangan. Yaro ba babba ne da aka rage ba: kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, na babba kuwa wajen ɗaya cikin bakwai ko takwas. Telan da ya ɗauki awon wuyan uba ya raba yadda ya raba sauran, rigar ba za ta wuce kunnen yaron ba, shi ya sa ake ƙara tsaga ko a sa maɓalli a kafaɗa. Masu ƙananan motoci ma suna da nasu ha'incin da ba mai kamawa. Layin ƙofa ana zurfafa shi fiye da lissafi, a tsiyaya baƙin fenti mai ruwa-ruwa a ciki don ido ya kama shi. Launi wasu suna ɗan sassauta shi, domin kallon ƙaramar mota daga nisan kamu ɗaya daidai yake da kallon babba daga mita goma sha wani abu, kuma abu in ya yi nisa launinsa yana ƙoɗewa, balle a hunturu. Matchbox ita kwalinta ta bi, shi ya sa bas ɗinta da ƙaramar motarta suke kusan tsawo ɗaya, abin da ke ɓata wa masu tsantsenin awo rai har gobe. Yaron Gwantu shi kuma taya yake ƙara wa girma, don ba a kan tebur zai tuƙa ba, a kan burji ne da kwararon da ruwan Agusta ya zaizaye.

Hanyar koyo ma ɗaya ce. Telan da aka kawo wa ɗinkin kwat bai taɓa yi ba, ba makaranta yake komawa ba. Gwanjo yake zuwa ya sayi tsohuwa, ya zauna da reza ya warware ta ɗinki-ɗinki, ya shimfiɗa kowane ƙyalle a kan takarda ya zana. Da kamfanin Tamiya ya tashi yin Porsche 934 a ma'aunin 1:12, wadda ta fito a 1976, hotuna da awo ba su ishe shi ba, sai ya sayi Porsche 911 sukutum, ma'aikata suka kwance ta har noti na ƙarshe. An ce da aka zo mayarwa abin ya gagara, sai da aka kira makanikan dillalin motar. Yaran da ke zarya a garejin bakin tasha, waɗanda ake kora ana cewa za su ɗauke noti, da yawansu wannan ne ya kawo su: so suke su ga yadda ƙarfen sitiyari ke juya tayoyi biyu lokaci guda. Makaniken da ya gane haka yakan ce, "Zo nan ɗana, riƙe min sifana," kuma abin da yaron zai gani a yinin nan ya fi na wata guda daga bakin titi.

Akwai inda tela da mai mota suka raba hanya, kuma wurin ya fi ba ni sha'awa. Ba uwar da za ta karɓi rigar Kirsimeti da tabon manja a gaba. Mai ƙaramar mota kuwa, in ya ƙware, sabuwa fil ba ta gamsar da shi, so yake ta tsufa. Akwai masu yin makonni suna sa tsatsa a ƙasan ƙofa, baƙin hayaƙi a bakin salansa, tabon mai a gefen tanki, laka a bayan taya, har da rabin da'irar da waifa ke sharewa a gilashin da ya sha ƙura. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce a fesa launin tsatsa, a ɗan jiƙa wurin a barbaɗa gishiri, a fesa fentin motar a sama, in ya bushe a kakkaɓe gishirin, sai fentin ya fito a ɓantale kamar na motar da ta shekara talatin a rana. Aikin da wuya, domin tsufa ba ya faɗa wa mota ko'ina da ina. Inda ruwa ke kwanciya ne ke tsatsa, inda hannun direba ke dafawa ne ke sulɓi, inda yaron mota ke takawa ya hau ne fenti ke cinyewa. Sai wanda ya zauna da mota ya san wuraren. Baturen da ke kwaikwayon motar Afirka daga hoto, misali 504 ɗin da Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1975, garin launi yake saye a kwalba don ya samu jar ƙasa. Mu tamu kyauta ce, kwana biyu a kan titi ta hau da kanta. Abin da yaran ke ƙarawa shi ne rubutun bayan bodi, "Sai Haƙuri" ko "Allah Ya Kiyaye", da jan farcen yaya, da tutar leda a kan madubi, da 'yan buhunan da aka ɗinka da ƙyallen da aka tsinto a ƙofar shagon tela, an cusa musu yashi an ɗaure da zare.

Sannan tela yana barin wuri. "A sake masa kaɗan, Baba, girma zai yi," in ji uwa, sai a ninke kalmasa biyu a ƙafar wando saboda baɗi. Mota ba ta girma, mai ita ne ke girma ya bar ta, kuma a wajenmu da wuri yake barin ta. Da yaro ya shiga sakandare sai a fara: "Ƙato da kai kana jan gwangwani?" Na kasa gane hujjar. Magidanci ɗan shekara arba'in zai wuni a gindin mangwaro yana dara, wani ya kashe kuɗinsa a kan tantabaru, wani ya raba dare a gidan kallon ƙwallo saboda Arsenal, ba mai cewa uffan. Amma ya zauna da filaya da reza yana fitar da hancin roka, sai a fara tambayar matarsa ko lafiya. Haka hannun ke tsayawa daidai lokacin da ya fara nuna. Motar da yaro ya yi yana shekara goma sha biyu ita ce ta ƙarshe, wadda zai yi yana ashirin da biyar kuwa, da haƙurin babba da kuɗin sayen fenti, ba ma ganinta. A Dakar da Antananarivo manya ne ke ƙera motocin gwangwani suna sayar wa baƙi, suna ci da iyali da su.

In aka ɗauko wannan magana sai a kawo sunan Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya yi karatun zanen mota a Detroit, ya yi aiki da General Motors, aka san shi da zanen Chevrolet Volt, daga baya ya shugabanci hukumar NADDC mai kula da tsara da ƙera motoci a ƙasar nan daga 2017 zuwa 2023. Gaskiya ne kuma a irin ɗakunan da ya yi aiki, kafin a taɓa ƙarfe sai an sassaƙa motar da wani yumɓu na musamman, da farko ƙarama sannan cikakkiya, al'adar da Harley Earl ya kafa a kamfanin bayan zuwansa a 1927. To amma ba na son hujjar ta koma cewa a ƙyale yaro ya yi motar kara don wataƙila ya zama injiniya. Ƙalilan ne za su zama. Sauran manoman citta da doya za su zama, da malaman makaranta da 'yan acaɓa da teloli, kuma ban taɓa jin an tambayi mai dara wace sana'a darar za ta kai shi ba.

Motocin roba na China da ke cika kasuwa gab da Kirsimeti da sallah sun rage masu yi, wayar hannu kuma ta kwashi nata rabon. Ba zan yi dogon kuka a kai ba. Yawancinsu ba sa ganin sabuwar shekara, kuma gawarsu ta fi su amfani: tayoyin da gilashin da ɗan injin batirin sukan koma jikin ta gwangwani, sai ka ga tifa mai fitilar ƙwan tocila tana ɗaga bodi da sirinji biyu da tiyon ƙarin ruwa. Kwalin Tamiya kuwa da wuya ka gan shi a shagon Kafanchan, sai dai oda ta intanet, kuma in aka haɗa kuɗinsa da na jigila da na fentinsa a canjin dala, mai albashin ƙaramar hukuma zai gwammace buhun taki.

Babban da yake son ya koma wa abin ba sai ya jira kwali ba. Tef ɗin tela ya ishe shi, da wata tsohuwar 504 daga cikin waɗanda ke zaune a kan duwatsu a bayan gareji. Ya fara daga abin da ba zai iya canjawa ba, yadda tela ke duba maɓallin da ke akwai a kasuwa kafin ya yanke faɗin gaban riga. A nan taya ce. Marfin kwalbar lemo faɗinsa wajen santimita 3 ne, tayar 504 kuma da robarta ta ɗan haura 60, don haka in marfin ne tayar, ma'aunin ya kama wajen 1:20, lamba mai sauƙin rabawa. Tsawon motar zai zo santimita 22 da rabi, kusan taƙin babban mutum. Faɗi 8 da rabi. Tsayi 7 da 'yan kai. Tsakanin tayar gaba da ta baya, wanda a babbar mita 2.74 ne, ya zama 13.7. Wannan na ƙarshen shi ne awon kafaɗa, in ya kuskure duk kwalliyar da aka yi a sama ba za ta ɓoye shi ba. A fara yankawa a kwalin sabulu a gwada, kafin a taɓa gwangwani. Gilashi daga gorar ruwa, wajen da take sumul. Madubi daga cikin ledar biskit mai ƙyalli. Ragar gaba daga tsohuwar rariyar shayi. Fenti a tsinka shi da tina ya yi ruwa, a shafa sau uku siri-siri maimakon sau ɗaya mai kauri, kowanne a bar shi ya bushe. In hunturu ne, a yi da sassafe kafin iska ta tashi, a yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, da an gama kuma a kife roba a kai, don ƙwayar ƙura ɗaya da ta faɗa kan ɗanyen fenti, a ma'aunin 1:20, tsakuwa ce a kan murfin inji, kuma ba ta fita sai an kankare an sake daga farko.